Wa Ya Kwance Fitilar Hinrich?

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Laraba aka bugo waya ofishin 'yan sanda na unguwar Lehe, a Bremerhaven. Wani dattijo ya faɗo daga matakala, ƙugunsa ya karye, kuma har aka sa shi a motar asibiti bai daina ihun an yi masa sata ba.

Sufeto Silke Onnen ta ɗauki rigar sanyinta, ta yafito Saje Bruns. Tsakiyar Janairu ce, sati uku rabon garin da ya ga rana. Ita ma wata huɗu rabonta da mijinta, injiniyan jirgin ruwa, wanda kullum sai ya turo mata hoton wata tasha mai rana ƙwal. Ta kai ta daina buɗe hotunan da safe, don ɓata mata yini suke yi.

Gidan bene ne mai hawa huɗu, kowane mai haya da ɗan ɗakin ajiyarsa a ƙarƙashin ƙasa. A ɗakin ajiyar dattijon, Hinrich Tietjen, suka tarar da ƙaramar rumfar leda mai zik. Ƙugiyoyi biyu na rataye fitilar shuka na lilo a samanta, babu komai a jikinsu.

"Kwaɗo lafiya lau," in ji Saje. "Da makulli aka buɗe. Kuma an kashe wutar ƙasan gaba ɗaya daga babban akwatin wuta, shi ya sa tsohon ya taka duhu."

Silke ta duba gefe. Tukwane uku na wiwi, iyakar abin da doka ta yarda mutum ya shuka a gidansa, an jera su a gindin 'yar tagar da ke kallon titi. Ta sa yatsa a ƙasar tukunya ɗaya. Da danshi.

"Ɓarawo ya bar wiwi, ya ɗauki fitila," Saje ya ce yana dariya. "Ko mahaukaci ne, ko limamin coci."

"Har ruwa ya ba su," ta ce. "Ya kuma matso da su wajen haske. Wannan ya san zafin shuka."

A asibiti suka sami Hinrich kwance, tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa, ɗan shekara saba'in da huɗu.

"Baba, nawa ce fitilar?"

"Yuro ɗari da arba'in. Kada ki raina, 'yata, ga ɗan fansho kuɗi ne. Sati shida na yi ina zaɓe. Irin ta dā tana shan wuta kamar injin wanki, ga zafi. Masu arhar nan kuma masu launin shuni, abin da aka rubuta a kwali daban, abin da suke bayarwa daban. Sai da na samo ta LED mai farin haske, ba ƙara, ba zafi, kuɗin wuta kaɗan."

"Kai kake sha?"

"Ni? Ko sigari na bari. Tukwanen na matata Gesine ne, ni ɗan aikatau ne kawai. Ciwon gaɓoɓi ya cinye mata hannuwa. In ta sha shayin ganyen takan yi barci har asuba. Shekara shida ban ji minsharinta ba sai bara." Ya runtse ido. "Yanzu suka fara fure. Kwana kaɗan babu haske, aikin wata uku ya tashi a banza."

"Wa ke da makullin ɗakin?"

"Ni kaɗai."

"Ka tabbata?"

Ya juya fuska wajen taga. "Na ce ni kaɗai."

A mota Silke ta ce, "Ƙarya yake yi."

"Wanda aka yi wa satar?"

"Ya san wanda ya yi. Kare shi yake yi."

Da suka koma gidan, sai ga Detlef, mai kula da benen, yana goge matakala da ƙarfinsa kamar yau aka ɗauke shi aiki.

"Ranki ya daɗe, ni tun Litinin ban leƙa ƙasa ba. Ban ga kowa ba, ban ji komai ba."

"An ce ka sha yin ƙorafin warin wiwi."

"Wa ba zai yi ba? Gida ya koma kamar bayan tashar jirgin ƙasa. Amma sata? Allah ya kiyaye."

Silke ta nuna wata 'yar fitila a bango. "Wannan ita ya kamata ta kama in wuta ta ɗauke, ko ba haka ba? Yaushe batirinta ya mutu?"

Detlef ya tsaya da guga.

"Tsoho ya karye saboda ba ka canza batiri ba, shi ya sa kake so a ce ba ka wajen. Wannan tsakaninka da mai gida ne. Ni abin da ka gani nake so."

Ya aje tsumman. "Ƙarfe bakwai ina fitar da shara, na ga Amandio na hawa na uku yana haurowa da abu a naɗe cikin bargo. Na ce masa, 'Gawa ka ɗauko?' Ko kallona bai yi ba."

Kafin su hau, Silke ta ƙwanƙwasa ƙofar Gesine. Tsohuwar na zaune a kujera, hannuwanta a murɗe a kan cinya.

"Mama, Amandio yana da makullin ƙasa?"

"Yana da shi mana. Tun Kirsimeti da muka je wajen 'yarmu, shi ya riƙa ba shukar ruwa. Shekara talatin suna tare da Hinrich. Daga Fotugal suka zo da matarsa Odete, aikin kamfanin kifi. Shi da Hinrich ma tare suka zauna a teburin nan suna zaɓen fitilar, suna musu kamar masu sayen mota."

"Sun yi faɗa?"

Gesine ta yi ajiyar zuciya. "Odete ta rasu a watan Maris. Ta bar bishiyar lemun tsami a tukunya, daga garinsu ta taho da irin. Bana ganyen ya yi ta zuba. Ranar Lahadi Amandio ya roƙi Hinrich ya bar shi ya sa ta ƙarƙashin fitilar. Shi kuma mijina, kin san bakin 'yan tasha, ya ce, 'Rumfata ba asibiti ba ce. Mai ita ta tafi, ƙyale ta ta bi ta.' Da wasa ya faɗa. Amandio ya aje kofinsa, ya fita."

A hawa na uku wani siririn dattijo ya buɗe ƙofa, da rigar sanyi biyu a jikinsa. Falon duhu, ba a kunna abin ɗumama ɗaki ba.

"Amandio Teixeira? Ina kake ƙarfe bakwai na safen nan?"

"Ina kwance, ranki ya daɗe."

"Detlef ya gan ka da bargo."

"Wanki na kai ƙasa."

"Ka kai wanki, ka dawo da shi a bushe? Yanzu ka ce kana kwance."

Silke ta kalli bayansa. Daga ƙarƙashin ƙofar uwar ɗaki wani farin haske ya malalo a kan daɓe, irin na tsakar rana, a garin da ko inuwa mutum ba ya gani.

"Buɗe mana, Baba."

Bai yi gardama ba. Fitilar na rataye da igiyar shanya tsakanin kabad da taga. A ƙarƙashinta ga bishiyar, tsawonta bai wuce ƙugu ba, rassanta tsirara sai ganye bakwai ko takwas. Ya ja kujera kusa da ita, da alama a nan ya zauna tun safe. A kusurwa kuma ga wata ƙaramar fitila a yashe.

"Waccan na fara saya," ya ce. "Yuro goma sha tara. Hinrich ya ce min araha ba ta ado, ban ji ba. Kwana goma sha biyu ta yi ta mutu."

"Sai ka ɗauki tasa."

"Aro na yi. Wallahi aro, sati biyu kawai, ta ɗan farfaɗo. Na kashe wutar don kada ta ja ni, da na ɗauko sai hannuna ya cika, na manta ban mayar ba." Ya dubi taga. "Ina nan zaune na ji motar asibiti. Na leƙa ta taga na ga sun fito da shi. Ƙafata ta ƙi sauka."

"Awa ɗaya ya yi kwance a kan siminti kafin a ji shi," in ji Saje.

Amandio ya rufe fuska da hannu biyu. Can ya ce, "Shekara arba'in da ɗaya muna cewa baɗi za mu koma gida. Odete takan murza ganyen nan ta sa min a hanci, ta ce, 'Ga ƙamshin ƙofar gidan mahaifiyarka.' Ban mayar da ita ba, ranki ya daɗe. A nan na binne ta, cikin wannan laka. Na ce ko wannan ɗaya na riƙe."

Silke ta daɗe tana kallon hasken a kan ganyen. Ɗuminsa ya taɓa bayan hannunta, ta ji ba ta son janyewa. Sannan ta miƙa hannu ta zare waya daga bango, ɗakin ya koma toka-toka.

"Sata ce, Baba, kuma mutum ya ji rauni. Sai mun tafi ofis. Saje, ɗauki hoton fitilar, ka sauka ka rataye ta inda take."

Amandio bai nemi komai ba sai hularsa. Ba su sa masa ankwa ba.

A hawa na ɗaya suka tarar da Gesine tsaye a bakin ƙofa, ta dafa bango. Amandio ya sunkuyar da kai zai wuce.

"Kai, tsohon banza," ta ce. "Da ni ka tambaya, ai tukwanen nawa ne."

"Gesine, ki gaya masa..."

"Ba ni zan gaya masa ba. In sun sake ka, ka je da ƙafarka, yana ɗaki na goma sha biyu. Tun ɗazu ya bugo sau biyu, ba fitila yake tambaya ba, cewa yake kada in faɗi sunanka." Ta miƙa murɗaɗɗen hannunta. "Kawo makullin ɗakinka. Kwana nawa-nawa bishiyar take shan ruwa?"

"Uku-uku," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Kada ruwan ya yi sanyi."

Silke ta riƙe masa ƙofar mota har ya shiga.