Murmushin Auta a Fuskar Roba

Gab da magariba Injiniya yana ɗakin aikinsa, yana gyara girar mutum-mutumin da yake ƙerawa don jinyar tsofaffi. Wata da watanni fuskar robar ta ƙi kyau. In ta yi murmushi sai ka ce mai ciwon haƙori. Shi ya sa ya riƙa zaunar da 'yarsa Auta gaban kyamara, ta yi dariya, ta ɓata rai, na'ura tana kwaikwayo.

Dutse ya faɗo kan kwanon rufin gidan. Wani ya biyo. Gidan ya yi tsit. Sai fuskar robar ta yi murmushi ba wanda ya taɓa ta, har da lotsawar kumatu irin ta Auta.

Daga ranar Auta ta daina murmushi. Can ta daina ɗaga gira. Ruwan zafi ya ƙona ta, hawaye na zuba, fuska shafe kamar bango. Uwarta ta zargi maƙwabta, ta zargi dangi, daga baya ta fara kallon mijinta, wanda aikinsa ke ta kyau amma ya daina haɗa ido da kowa.

Ita ta kira wani Malam mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Ni ba ni da fuska, Malam. Na ga an ƙera wata an bar ta wayam, na shiga. Abin da uban ya nema a fuskar yarinya nake kwaso masa."

"Bai sani ba," in ji Malam.

"Ya gane tun dutsen farko. Kashegari ya sake zaunar da ita."

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Aljanin ya nemi a bar masa murmushin kawai, Malam ya ƙi. "To," in ji aljanin, "uban ya fasa fuskar robar da hannunsa, in tafi."

Da Injiniya ya ɗaga guduma, fuskar robar ta taɓe baki za ta yi kuka, sak Auta. Ya runtse ido ya buga. Yarinyar ta yi atishawa, ta farka.

Fuskarta ta dawo. Tana dariya da uwarta, tana hararar yayyenta. Amma da uban ya shigo sai fuskar ta shafe.

Hankali tashe ya koma wurin Malam. "Allah ya gafarta Malam, bai gama fita ba."

"Ya fita," in ji Malam. "Ai ta ji duk abin da aljanin ya faɗa a kanka."