Mai Ɗaukar Ƙeya

Auta ba ta iya haɗa ido da mutane, ba ta kuma da ƙawa sai kyamararta. Duk hotunan da take ɗauka a titi ta baya ne: bayan mai shara, bayan mai gyaran takalmi. Yayarta kan ce, "Ke dai sai ƙeyar mutane! Ko fuska ɗaya babu?"

Ran nan da dare ta fita, ta ƙudura sai ta samo fuska. Titi ya yi tsit. A tashar bas ta tarar da wata mata tsaye ta juya baya, tana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ba a yi ruwa ba.

"Sannu, Inna. In ɗauke ki hoto?"

"Ɗauki mana, 'yata. Rabon da wani ya tanka mini har na manta."

Daɗi ya kama Auta. Ta zagaya gaban matar, sai ta ga ƙeya da ƙullin ɗankwali. Ta sake zagayawa. Ƙeya ce dai.

"Me kike nema kuma?" in ji muryar, daga can cikin ɗankwalin. "Ai ke nake jira. An ce ke ba ruwanki da fuska."