Miyar Kifin Da Ta Jawo Mari

Ranar da Wenbin ya fara ganin Shulan, shatin yatsun mahaifiyarsa ne kwance a kumatunta.

An yi wa babansa aikin hanji. Tsohuwar ta dafo miyar kifi, don a wajenta ba abin da ke haɗe rauni kamar ta. Shulan, nas ɗin ɗakin, aiki ya sha mata kai, ta ɗauke kwanon ta ce likita ya hana, ta juya. Sai mari. Yarinyar da tun asuba ba ta zauna ba! 'Yar wani ce fa, ba a bishiya ta tsiro ba.

Washegari Shulan ta dawo, ta ja kujera. Ta nuna wa tsohuwar cewa hanjin bai farka ba, cokali ɗaya zai iya mayar da mijinta tiyata.

"Da ya saki iska, Inna, ki kawo tukunya guda."

Tsohuwar ta ce, to da aka yi shiru jiya, ita duba take yi? Shulan ta karɓi wannan, tun daga nan ba ta sake ɗauke kwano ba bayani. Amma haƙurin marin, shiru.

Wenbin kuwa ya kamu. Bayan an sallami babansa ya rubuto mata: "Tsuntsuwata, Baba ya warke, ni na kwanta. Yaushe za ki zo duba ni?"

"Jeka ka yanki kati," ta amsa.

Da maganar aure ta taso, baban Shulan ya buga tebur. Ya ce bai goyi 'yarsa don ta zama gangar kowa ba, gidan da aka mare ta tana baƙuwa, me za a yi mata tana suruka?

Wenbin ya koma gida ransa a ɓace. Bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Mama, ta cece mu, kin biya ta da mari. Ni kunya ta hana ni barci."

A al'adarsu, amarya ce ke miƙa wa uwar miji shayi ran biki don girmamawa. Amma tsohuwar ce ta hau bas har gidansu Shulan, ta zuba shayi, ta miƙa mata da hannu biyu a gaban babanta.

"'Yata, tsoro ne ya ɗaga hannuna. Ban kyauta ba."

Shulan ta sha.

Ran biki, cikin jar riga, ta rama shayin. Tsohuwar ta shafa kumatun nan ta ce, "Ku tsufa tare, furfura ta riske ku hannu cikin hannu."