Wani Dattijo Ya Ce

Sata ba ta tsaya ga akuya da buhun masara ba. Wanda ya ɗauki maganar wani ya ɗaura mata sunansa, shi ma ɓarawo ne, ko da farar shadda yake yawo. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san ko hadisi ba a karɓarsa sai an ce wane ya ji daga wane. To, ku saurari abin da ya sami Badamasi.

Ranar wata Talata, Badi'a, 'yar Gwarzo mai karatun Hausa a kwalejin ilimi, tana tsaye gaban malamin da ke duba rubutunta na kammala karatu. Malam Hadi ya ajiye kundi biyu a tebur, ya dafe sunan da ke bangon na biyun da tafin hannu.

"Karanta shafi na tara a naki."

Ta karanta.

"Karanta a wannan."

Ta fara, sai ta tsaya. Maganarta ce. Yadda ake kwaɓa ƙasar rumbu da ciyawa, yadda ake shimfiɗa toka da ganyen dalbejiya kafin a zuba dawa. Ko waƙafi bai kauce ba.

"Malam... nawa ne."

"Shi ma mai wannan haka ya ce. Kuma ya riga ki kawowa da mako biyu."

"Wallahi ni na rubuta..."

"Ban ce ki rantse ba, hujja nake nema. Sau goma sha ɗaya kin rubuta 'wani dattijo ya ce'. Wane dattijo? A wane gari? Ranar yaushe? Tun aji ɗaya nake gaya muku: maganar da ba taku ba, ku faɗi mai ita a wurin, ku kuma jera shi a manazarta. Ina sunansa?"

Badi'a ta sunkuyar da kai.

"Gobe ƙarfe goma kwamiti zai zauna. Wanda ya kwafa, kora ce."

Ga abin da ya ɗaure mata baki. Dattijon nan Malam Ɗayyabu ne, maginin rumbu na Gammo, mahaifin Badamasi, saurayin da aka kai kuɗin gaisuwarta saboda shi. Da hutu ta je Gammo wurin Gwaggonta, ta zauna bayan Gwaggo a lulluɓe, Gwaggo na tambaya, tsoho na amsawa, wayarta na ɗaukar murya. Da ta zo rubutu hannunta ya ƙi. 'Yar mutunci ta kama sunan surukinta, har ta buga shi a takarda? Ko Badamasi kunya ba ta bar ta ta gaya masa ba.

Daga wurin Malam Hadi ta dawo gida. Gwaggo, wadda ta zo Gwarzo dubiya, ta saurare ta har ƙarshe tana tsinke zogale.

"Wa kika ba takardun?"

"Ba kowa. Badamasi kaɗai na ba filashin da rubutun ke ciki ya kai a buga mini."

"To."

"Gwaggo, me 'to' ɗin nan ke nufi?"

"Ba ta nufin komai. Tun farko na ce yaron nan bakinsa ya fi hannunsa aiki, aka ce tsohuwa ta fara rikicewa."

"Ajinmu ɗaya fa. Zai cuce ni ne? Masu shagon bugu ne, na sani."

"Allah ya sa. Amma ke ma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ya ba ki ilimin shekara arba'in, ki kira shi 'wani'?"

Bayan la'asar Badamasi ya zo zance, hula a karkace, turare na tashi.

"Hasken idona, wa ya taɓa min ke?"

Ta gaya masa tana kuka. Ya shiga murza makullin babur.

"Abar ƙaunata, ki saurare ni. Gobe ki ce kuskure ne, ki ba da haƙuri. Mata ana yi musu sassauci."

"In amsa laifin da ban yi ba?"

"Ba amsawa ba ne... lallaɓawa ce."

"A wane shago ka buga?"

"Haba Badi'ata, yanzu ni ake tuhuma?"

"Tambaya na yi."

"Ko an kore ki, ba gidana za ki zo ba? Me za ki yi da takarda?"

Ya tafi ya bar ta a zaure. Wannan lallashi ne ko me? In yana sonta, me ya hana shi fushi da ɓarawon? In kuma ba ya sonta, wa ke kiranta kullum da safe ya tambayi ko ta karya? Ta rasa wanne za ta kama.

Washegari ta shiga ɗakin kwamiti. Malamai uku a zaune. A kan benci kuma, ga Badamasi.

Har zuciyarta ta yi sanyi, ta ɗauka rakiya ya zo. Sai ta ga kundin nan na biyu a cinyarsa.

"Badamasi..."

Bai ɗago ba.

Malam Hadi ya ce, "Badamasi, kai ka fara kawowa. Wane ne dattijonka?"

"Wani tsoho ne a Sabon Birni, Malam. Maikuɗi sunansa."

"Za mu iya ganinsa?"

"Allah ya yi masa rasuwa bara."

"Allah ya ji ƙansa. Ke fa?"

Badi'a ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ta dubi Badamasi. In ta yi shiru, karatun shekara uku ya tafi. In ta yi magana, aure ya tafi. Ta jira ko zai ɗago ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Yana ta kallon takalminsa.

"Malam, ba na iya faɗin sunansa. Amma ga muryarsa."

Ta ɗora wayar a tebur ta danna.

Aka ji tari, aka ji kukan zabi, sannan muryar tsoho: "Rumbu ba ya son gaggawa. Ka ɗora ƙasa kamu ɗaya, ka bar ta ta sha rana. Ɗana ma na so in koya masa, ya ce shi ɗan boko ne, laka ba ta taɓa shi..."

Kundin ya zame daga cinyar Badamasi.

"Baba..."

Malam Hadi ya cire tabarau. "Baban wa? Ba ka ce ya rasu ba?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Yaro ya kwafi maganar ubansa sau goma sha ɗaya bai gane ta ba, don bai taɓa zama ya saurare shi ba.

Malam Hadi ya juya ga Badi'a. "Kunya ado ce, amma a rubutun ilimi ɓoye sunan mai magana tauye masa haƙƙi ne. Ga biro. Suna, sana'a, gari, ranar hira."

Ta karɓa ta rubuta: Malam Ɗayyabu Gambo, maginin rumbu, Gammo, ta sa ranar hirar. Tana gamawa ta gane abin da ya sa biron ya tafi ba gardama. Ba surukinta ba ne kuma.

A bakin ƙofa Badamasi ya tare ta.

"Badi'a, lokaci ne ya ƙure mini. Na ɗauka abinki nawa ne..."

"Da ka tambaya, da na raka ka Gammo."

Ta wuce, hawaye na zuba, ba ta waiwaya ba.

Da Gwaggo ta kai wa Malam Ɗayyabu kundin aka nuna masa sunansa, ya daɗe yana shafa wurin da yatsa. Sannan ya ce a janye maganar aure, a mayar wa yarinya da 'yancinta, ɗansa bai kai ba.

To, ku ƙirga da ni. Badamasi ya rasa karatun shekara uku. Ya rasa Badi'a. Ya kuma rasa uban da ya kashe da baki a gaban malamai, don har yau in ya durƙusa gaisuwa, tsoho "lafiya" kawai yake cewa, ya ci gaba da kwaɓa ƙasarsa.