Ƙarya Biyu a Ranar Kirsimeti

Wayar na ta ruri a hannun Ligaya, ita kuwa ta kasa ɗagawa.

Kiran bidiyo ne, daga Nanay, mahaifiyarta.

Ta ɗaga ido ta dubi gabanta. Farin yashin gaɓar Esperance, teku kwance shuɗi, saurayinta Fergus tsugune a bakin tanti yana ɓare jatan lande, tsohon karensa Skipper na haki a inuwa saboda zafin da ake yi a ƙasar nan a watan Disamba. Babu abin da ya yi kama da asibiti a nan, alhali ta gaya wa Nanay aikinta na jinya ne ya hana ta zuwa gida Iloilo, can ƙasarsu. Kirsimeti na uku ke nan.

Ta faɗa cikin mota, ta matso da wayar dab da fuskarta.

"Barka da Kirsimeti, Nanay..."

"Barka, 'yata. Kina wurin aiki?"

"Eh... na ɗan fito shan iska ne."

Ba ta rufe baki ba Skipper ya turo kai ta taga ya lashe kumatunta. A bayansa sai ga Fergus, da jar hular Kirsimeti a karkace, yana goge hannu a riga.

"Nanay ce? Ba ni in gaishe ta, masoyiyata. Wata shida ina haddace gaisuwar nan."

Ya sunkuyo, ya yi gaisuwar da harshensu, a karye, yana murmushi har kunne.

Tsohuwar ta dube shi.

"Ligaya, wane ne wannan?"

Da Turanci ta yi tambayar, don ya ji. Ya kuwa ji.

"Perla ta ce in kira ki da bidiyo yau, zan ga abin da zan gani," in ji Nanay a hankali. "Na ce mata 'yata ba ta yi mini ƙarya."

Tsohuwar ta kashe wayar.

Perla 'yar ƙanwar Nanay ce da ke aure a Perth. Tun da Ligaya ta ƙi auren ƙanin mijinta take jiran irin wannan rana. Amma Ligaya ta san ba Perla ce ta yi ƙaryar ba.

Fergus ya cire hular, yana juya ta a hannu.

"Kin ce ta san da ni."

"Fergus..."

"Kin ce tana tambayar lafiyata. Har kika ce ta yi dariya da ta ji ina gyaran jiragen ruwa amma teku na sa ni amai."

"Na so in gaya mata. Kullum sai in ce gobe."

"Shekara ɗaya da rabi, Ligaya. Ni na kai ki gaban iyayena a mako na uku." Muryarsa ba ta tashi ba, wannan ne ma ya fi yi mata ciwo. "Kunyata kike ji?"

"A'a, zuciyata, ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ta fito daga motar, ta sunkuyar da kai.

Ya ajiye hular a kan mota, ya bi gaɓar teku da ƙafa. Skipper ya bi shi taku kaɗan, ya tsaya, ya waiwayo, sannan ya dawo ya kwanta a kan ƙafafunta.

Kwana huɗu suka yi a hanya daga Albany, inda suke zaune, suna tsayawa a kowane ƙaramin gari karen ya yi iyo, su sha mangwaro a bakin ruwa. Duk dariyar da ta yi a kwanakin nan, sai ta tuno tsohuwar da ke can tana toya wainar shinkafa da kwakwa ita kaɗai, dariyar ta yanke.

Ta kira Nanay. Ba a ɗaga ba.

Sai a kira na huɗu fuskar Nanay ta bayyana, idanu jajur.

"Ba na wurin aiki, Nanay. Bara ma ba na wurin aiki. Sunansa Fergus, ina son sa. Na ɓoye shi ne don na san za ki ce idan na auri ɗan ƙasar nan kin rasa ni ke nan."

"Da ma ina da ke ne yanzu?"

Hawaye suka ɓalle wa Ligaya.

"Ba shi ya hana ni zuwa ba. Tun kafin in san shi na daina zuwa. Ranar da Tatay ya rasu ina nan ina ba mahaifin wasu magani, nawa kuma yana kiran sunana. Ban ga gawarsa ba. Tsoron gidan nake ji, Nanay... tsoron in shigo in ga kujerarsa."

"Ni kuma gaban kujerar nake cin abinci kullum."

Nanay ta goge idanunta.

"Mahaifinki bai tafi da fushinki ba," in ji Nanay daga baya. "Ni ce mai fushin. Ina mutumin?"

Yana tsaye a bayan motar, ƙafafunsa jiƙe. Ba ta san tun yaushe ya dawo ba, amma kukanta ya ji, ko bai gane kalmomin ba. Ta miƙa masa wayar.

"Kai ne ka riƙe mini 'ya?"

"Ban san ana jiran ta ba, Nanay. Da na sani, da ni zan kawo ta."

"To kawo ta. Kafin sabuwar shekara."

Da kiran ya ƙare, Ligaya ta kamo gefen rigarsa.

"Ka yafe mini?"

"Ban huce ba tukuna," ya ce, yana kallon teku. "Amma taimaka mini mu naɗe tantin nan. Sai mun biya ta wurin 'yar'uwata mun bar mata Skipper."

Ana saura kwana biyu shekara ta ƙare suka sauka Iloilo. Ligaya ta tsaya a ƙofar gidansu ta kasa shiga, sai da Fergus ya dafa bayanta. Ta durƙusa ta ɗora hannun Nanay a goshinta, yadda ake gaida manya a can, ta yi kukan da ta kwashe shekara uku tana dannewa.

Washegari suka je kabarin Tatay su uku. A can Fergus ya nemi aurenta, a gaban tsohuwar, gumi na zuba masa.

Nanay ta share ganyen da ya zuba a kan dutsen kabarin.

"A garin nan za a ɗaura auren," ta ce. "Kuma idan ta sake cewa aiki ne, kai zan kira."

"Ki kira ni, Nanay."

Ligaya ta kama hannun mahaifiyarta da na Fergus, ta sunkuya kan kabarin.

"Tatay, na zo. Na makara, amma na zo."