Yatsan Sarki Dou Heng

A shekara ta ashirin da uku ta sarautar Dou Heng, lokacin dashen shinkafa, ajali ya sauko wa Sarki a birnin Hanling. Yarima mai jiran gado yana can bakin iyaka da 'yan dakarunsa. Waziri Pang Yi kuwa ɗan ƙanwarsa yake so ya hau gadon, amma rundunar da zai dogara da ita sai ta yi kwana shida kafin ta iso. Saboda haka ya rufe gawar a ɗakin ƙanƙara, ya sanar cewa Sarki ba ya jin daɗi, ba ya ganin kowa.

Abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Kowane hantsi Sarki yakan kaɗa gucin, kayan kiɗan nan namu mai tsirkiyar siliki bakwai, fadawa suna saurare daga tsakar gida. Duk ranar da aka ji shiru, za a san abin da ya faru. Sai Waziri ya sa aka kawo masa Malam Shen Mo, tsohon da ya shekara talatin yana koya wa Sarki kiɗa.

"Malam, za ka zauna bayan asabari, ka kaɗa yadda yake kaɗawa," in ji Waziri. "Kwana shida kacal. Ka kuskure ko sau ɗaya, kanka zai riga gawarsa fita daga gidan nan."

Duk wanda ya taɓa gucin ya san idan yatsan hagu ya zame a kan siliki, akwai ɗan ƙaran guga da ke bin sautin. Kowa da irin nasa. Na Sarki ya fi na kowa muni, domin takobi ya bar masa tabo a babban yatsa tun yana saurayi. Malam ya yi faɗa har ya gaji. Sarki sai ya yi dariya ya ce, "Malam, da wannan yatsa na ci gari bakwai, ka bar shi ya yi surutunsa."

Malam Shen ba jarumi ba ne, kuma ba zan ɗora masa abin da ba shi da shi ba. Ya ji tsoro, ya amsa. Ya goge yatsansa da dutsen wasa wuƙa har fatar ta yi kaushi, ya zauna a tabarmar Sarki, ya kwaikwayi ɗalibinsa tsaf. Kwana huɗu fadawa suna cewa Sarki yana samun sauƙi, shi kuwa yana kiɗa hawaye na zuba masa a gemu.

Ran kwana na biyar Sarkin Yaƙi Luo Ban ya zo gaisuwa. Shi ke riƙe da dakarun birni, abokin Sarki ne tun ƙuruciya, kuma bai san komai a kiɗa ba. Malam ya jiyo muryarsa a tsakar gida yana tsokanar fadawa.

"Ku matsa mini in ji ɓeran nan da ke cin rumbu. Ku kuna jin waƙa, ni kwarr-kwarr ɗin kawai nake ji. Muddin yana yi, na san tsohon yana nan da ransa."

Malam ya daɗe yana duban hannunsa. Can sai ya ciro kakin zuma daga hannun riga, ya shafe tsirkiya bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya shafe yatsansa. Ya fara kiɗa, ba irin na Sarki ba, nasa na kansa. Sauti ya fito tas, gugar ba ta fi numfashin mai barci ba.

Waziri yana zaune a gefe, shi kuwa masanin kiɗa ne na gaske. Daɗi ya kwashe shi, ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Sai da waƙa ta kai rabi ya farga, ya zabura.

A waje Luo Ban ya riga ya daina dariya. Ya ce da na kusa da shi, "Kai, wannan kiɗa ya yi kyau da yawa. Dou Heng bai taɓa iya wannan ba." Ya durƙusa ya sa goshi a ƙasa, ya tashi ya zare takobi.

Kafin rana ta take an kama Waziri, an rufe ƙofofin birni, manzo ya tafi wurin Yarima. Rundunar Waziri ta iso ta tarar da ganuwa cike da maharba, ta yi kwana tara a gindinta, ta watse.

Da sabon Sarki ya zauna shari'a, aka gurfanar da Malam Shen tare da masu laifi. Alƙalai suka ce doka a fili take: wanda ya hau tabarmar Sarki ya yaudari fada da sunansa, hukuncinsa kisa.

Luo Ban ya cire hular ƙarfensa ya ajiye. "Ranka ya daɗe, ba don tsohon nan ba, da yanzu wani ne a kujerar nan."

"Na sani, Baba," in ji Sarki. "Ya yi gaskiya kwana ɗaya. Sauran huɗun fa?"

Aka yi masa sassauci, aka bar masa ransa, aka yanke babban yatsansa na hagu.

Littafin tarihin fada ya rubuta cewa kaifin basirar Sarkin Yaƙi ne ya ceci gidan Dou. Sunan Malam ba ya ciki. Mu masu murɗa tsirkiya a unguwar gabas, daga bakin kakanninmu muka ji, domin wurinsu ya ƙare rayuwarsa, shekara goma sha ɗaya yana koyar da kiɗa da baki. Abin yana ci mini rai har yau. Mulki yana son a cece shi, amma ba ya ƙaunar ganin wanda ya san ranar da ya kusa faɗuwa. Sun ce an taɓa tambayarsa ko yana nadamar abin da ya yi ran na biyar. Ya ce a'a, shi ma kwana huɗun nan ne suke hana shi sakat.