Layin da Ya Tsaya a Gonar Baba

Amatullahi tana bakin kwazazzabon Dangoma tana ɗaukar hoton yashi da waya, kamar wadda ta ga amarya, sai wani saurayi ya tsaya yana dariya. Muzzammil ne, ɗan garin Masama, ya kawo shanun gidansu kiwon rani. Ya tambaye ta me yashi ya yi mata. Ta ce aikin jami'a ne: kowane wuri ɗigo ne a taswirarta, kowace shekara da hotonta, layi kuma yana nuna abin da ya jawo wani abu. Ko rabi bai gane ba, amma bai tafi ba sai da lambarta.

Kafin damina ya zama "Ɗan Fulanina", ita kuma "Mai Taswira".

Sai dai yashi ya binne wa mahaifinta, Malam Ɗanjuma, fadamar shinkafa, kuma ya kafe a kan kofaton shanun su Muzzammil ne ya zaizaye tudun da ke saman fadamar.

"Wanga yaro ba shi samun ɗiyata," in ji shi.

Amatullahi ta ci kukanta ta ƙoshi, sannan ta buɗe kwamfuta ta jera tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam shekara bayan shekara. Layin bai ko kalli burtalin shanu ba. Kai tsaye ya nufi gonar babanta ta kan tudu, shekarar da ya tuge ciyawar gamba ta kan iyaka don ya faɗaɗa gona, alhali ita ke riƙe ƙasar. Ta tura saƙo:

"Ɗan Fulanina, shanunku sun fita daga zargi. Amma layin ya tsaya kan Baba. In na nuna mishi na kunyata shi, in na ɓoye na rasa ka."

"Mai Taswira, kada ki nuna. Turo min inda ruwan ke fara gudu kawai."

Da ruwan farko ya sauka, sai ga Muzzammil da 'yan'uwansa ɗauke da saiwar gamba. Ya durƙusa gaban Malam Ɗanjuma ya nemi izinin dasawa, bai ce laifin kowa ba ne. Malam Ɗanjuma ya tsaya yana kallo suna dasa ta daidai inda shi ya tuge ta da hannunsa.

Da ya dawo gida ya ce Amatullahi ta kawo kwamfutar, don ya gane taswirarta ce ta nuna musu wurin. Ta buɗe mishi. Ya bi layin da yatsa har gonarsa.

"Ashe ni ne saniyar," ya ce, ya kwashe da dariya. "Ki ce mishi ya turo magabatansa."

Bayan kaka aka ɗaura aure, Malam Ɗanjuma na ta sa albarka, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari. A ɗakinta Amatullahi ta ƙara sabon layi a taswirar, daga Masama zuwa Dangoma. Muzzammil ya leƙo ya tambaye ta shi kuma wannan me ya jawo shi.

"Yashi," ta ce, tana murmushi.